Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Kogin Grand, Madatsun Ruwa Huɗu da Aikin Ƙungiyarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, mambobin wannan ƙungiya ta masu tuƙin kayak, wato ɗan ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, maza da mata, da fatan kowa ya shiga sabuwar shekara lafiya, ya kuma jure sanyin Michigan.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta rahoton bana a matsayina na sakatare. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji, shi zai karanta ta da bakinsa ranar babban taro, don haka ba zan taɓa shi a nan ba sai inda ya shafi aiki. Abin da ke gabana shi ne bayanin abin da muka yi a ruwa da wajen ruwa, da kuma inda aka kwana kan maganar da ta fi ci mana rai tun kafa ƙungiyar nan, wato gyaran kogin Grand a tsakiyar birnin Grand Rapids.

Takardar izinin da aka daɗe ana jira

Babban labarin shekara a ƙarshenta ya zo. A watan Disamba 2024 hukumar muhalli ta jihar Michigan, wadda ake kira EGLE, ta ba da izinin aikin ɓangaren ƙasa na kogin, daga wajen gadar titin Bridge zuwa gadar titin Fulton. Izinin ya ƙunshi rushe ƙananan madatsun ruwa huɗu na kankare da ke kwance a wannan tsakani, a zuba duwatsu manya da ƙanana a gindin kogin domin ruwa ya koma gangarowa kamar yadda Allah ya yi shi.

Sababbin mambobi da yawa sun tambaye ni me ya sa ake ta murna da takarda ɗaya, shi ya sa zan ɗan koma baya. Kogin Grand shi ne mafi tsawo a jihar nan, mil 252, ya ratsa Jackson da Lansing kafin ya iso mu, ya faɗa Tafkin Michigan a Grand Haven. A da, idan ya shigo garin nan yakan gangaro kusan ƙafa 18 a kan shimfiɗar farar ƙasa mai tauri, yana kumfa yana ruri, kuma daga wannan gangare garin ya samo sunansa. Turawan da suka zauna a wurin a ƙarni na 19 sun haƙe duwatsun sun yi gini da su, sun share hanya domin gumagumai su wuce zuwa masana'antun katako da na kujeru, sun datse ruwan domin juya injuna. Madatsar titi na Shida, wadda kuke gani kusa da matakalar da aka gina wa kifi domin ya haye ta, daga nan asalinta yake. Ƙananan huɗun kuwa a wajen shekarun 1920 aka gina su, domin ruwa ya riƙa rufe gindin kogin a lokacin rani, ƙazantar da ake zubawa ta daina wari. Wannan dalili ya kau. Birnin ya shafe shekara 27 yana raba magudanan ruwan sama da na bahaya, ya kashe kimanin dala miliyan 400, ya gama a 2015. Ruwan ya tsarkaka sosai, madatsun dai suna nan.

A 2009 wasu mazauna gari, Chris Muller da Chip Richards, suka kafa ƙungiyar Grand Rapids Whitewater da burin maido da gangaren. A 2013 gwamnatin tarayya ta sa kogin cikin shirinta na kula da ruwayen birane. A shekarar ce kuma ambaliyar watan Afrilu ta kai ƙafa 21.85 a tsakiyar gari, kuma duk wanda zai jefa dutse ɗaya a kogin nan sai ya nuna da lissafi cewa ba zai ƙara wa ambaliya tsawo ba. Zanen farko yana da wuraren da aka tsara musamman domin ruwa ya tashi ya yi taguwa tsayayya, irin wadda mai kayak zai hau ya yi wasa a kanta ba tare da ya gusa ba. Wannan shi ne mafarkin da ya tara mu. A watan Maris 2023 birnin da ƙungiyar Grand Rapids Whitewater suka janye takardar neman izini, bayan hukumar jiha da hukumar muhalli ta tarayya sun nuna ba za su amince da yawan haƙa da cikon da zanen ke buƙata ba. Aka koma teburi, aka fito da sabon zane a 2024, kuma a cikinsa babu waɗancan taguwoyi.

Muhawarar da muka yi

Ba zan ɓoye muku ba, wannan magana ta raba kawunanmu. A zaman da muka yi bayan ƙaramar Sallah, samarinmu da suka fi kowa ƙwarewa sun ce an yaudari masu kayak: an yi shekara goma sha biyar ana tara kuɗi da goyon baya da hotunan mutane a kan taguwa, da aka zo ƙarshe sai aka cire taguwar. Suka kawo misalin Columbus ta jihar Jojiya, inda aka fasa madatsu biyu a kogin Chattahoochee aka buɗe hanyar ruwa mai tsawon mil biyu da rabi a tsakiyar gari a 2013. Suka ce abin da wancan gari ya iya, wannan ma zai iya. Shawararsu ita ce ƙungiya ta janye hannunta, kada ta rubuta wasiƙar goyon baya.

Ɓacin ransu yana da tushe, ni ma na ji shi. Amma kwamiti ya tsaya a kan a goyi bayan sabon zanen, mafi yawan mahalarta suka amince, kuma ina so in bayyana dalilin a rubuce domin waɗanda ba su zo ba.

Ƙaramar madatsa ta fi babba haɗari, domin ba ta da kamar abin tsoro. Wanda ke tahowa daga sama a zaune cikin jirgi ba ya ganinta sai ya iso bakinta, layi ɗaya kawai yake hangowa a kan ruwa. Ruwan da ya zubo ta kanta yakan nutsa ƙasa, ya taso gaba kaɗan, sannan ya juyo baya ta sama ya koma gindin kankaren. Duk abin da ya faɗa ciki, itace ne ko mutum, haka zai yi ta juyawa: a danna shi ƙasa, ya taso, a jawo shi baya, a sake danna shi. Ruwan wurin cike yake da iska, saboda haka rigar ceto ba ta ɗaga mutum yadda ta saba. Dutsen da Allah ya ajiye a kogi yana da gefe, ruwa yana da mafita ta dama ko ta hagu. Kankare kuwa miƙaƙƙe ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, babu kusurwar da za ta tofo da mutum waje. Gwanin iyo da wanda bai iya ba duk ɗaya suke a wurin, kuma sau da yawa mai zuwa ceto shi ma can yake tsayawa. Irin waɗannan guda huɗu ne jere a wurin da yaranmu ke yawo a bakin ruwa, gaban gidan tarihin Shugaba Ford da dandalin Ah-Nab-Awen. Ƙungiyar da ke koya wa mutane shiga kogi ba ta da bakin cewa a bar su har sai an ba ta abin wasa.

Wani dattijonmu ya ce da babu gara ba daɗi. Ni a ganina abin ya wuce haka. Kogin da aka cire wa madatsu aka zuba wa duwatsu zai yi gudu, zai yi kwana, zai sami wuraren da ruwa ke lafawa a bayan dutse, kuma a irin wannan ruwa ne ake koyon tuƙi na gaskiya. Mafi yawan mambobinmu masu koyo ne. Ruwan mataki na ɗaya da na biyu, cikin matakai shida da ake auna ƙarfin gangare da su, shi ne abin da suke buƙata, kuma yau sai sun yi tafiyar awa biyu kafin su same shi. Gobe yana iya zama a ƙarshen layin bas.

Mun rubuta wasiƙar a lokacin da aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a. Mun goyi bayan rushe madatsun, mun kuma roƙi abu biyu: a yi mashigai masu sauƙi inda mai ɗauke da jirgi, ko tsoho, ko mai keken guragu zai iya kaiwa bakin ruwa, domin bangon kare ambaliya ya raba garin da koginsa, sannan allunan gargaɗi su zama da zane wanda ko wanda bai iya Turanci ba zai gane.

Ƙumba da lamfiri

Masu wucewa ta gadojin tsakiyar gari a ƙarshen lokacin zafi sun ga masu nutso suna aiki a cikin kogin. Ƙumba suke tsincewa, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke kwance cikin yashi. Dubbai aka kwashe aka kai wasu wurare kafin injuna su shigo. A cikinsu akwai wata da ake kira snuffbox, wadda gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa tun 2012, kuma dokar ƙasar nan ba ta yarda a taka ta da katafila ba. Wasu mambobi sun yi ta mamakin a ce abu ƙarami haka ya tsayar da aikin miliyoyin daloli. Mun gayyaci wata ɗaliba mai nazarin halittun ruwa ta yi mana bayani a zaman Satumba, kuma zaman ya yi armashi fiye da yadda muka zata. Ta nuna mana yadda ƙumba ke tace ruwa dare da rana, da yadda macen snuffbox ke buɗe baki ta jira wani ɗan kifi ya leƙo, ta cafke kansa, ta zuba masa 'ya'yanta a cikin sassan da yake numfashi da su, ya yi ta yawo da su har su girma su faɗo. Idan madatsa ta hana kifin wucewa, ƙumbar ma ta tsaya. Yara sun yi ta tambaya har lokacin sallar Magariba ya yi.

Madatsar titi na Shida ba ta cikin wannan izini, kuma dalilin ya cancanci a sani. Ita ce ke tare lamfiri, wani kifi mai siffar maciji da ke manne wa manyan kifaye yana tsotse jininsu. Daga teku ya shigo manyan tafkunan nan ta mashigin jiragen ruwa na Welland a Kanada, ya kusa ƙarar da wani kifin tafki da ake kira lake trout a shekarun 1940 da 1950. Guda ɗaya yana iya kashe kifi mai nauyin fam 40 a rayuwarsa. Idan aka rushe madatsar ba tare da an gina wani shinge ba, za a buɗe masa dukan rafukan da ke sama ya hayayyafa. Hukumar kula da kifin manyan tafkuna ta Amurka da Kanada da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ne ke nazarin yadda za a yi. Idan akwai sauran fatan samun babban ruwa a garin nan, a wannan ɓangare na sama yake, domin can ne mafi yawan gangaren yake nutse. Kwamiti ya naɗa mutum biyu daga cikin samarin da suka yi adawa da wasiƙarmu su riƙa bin zaman da za a yi kan wannan ɓangare suna kawo mana rahoto. Sun karɓa, mun gode musu.

Koyon iyo da mirgina jirgi

Aikin da ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu bana shi ne wanda ba a gani daga kan gada. Daga Janairu zuwa farkon Maris mun yi hayar wurin iyo na cikin gida a yammacin Lahadi. Rabin lokaci na masu koyon iyo ne daga tushe, rabi na masu koyon fita daga jirgi idan ya kife, da mirgino shi da filafili ba tare da an fita ba. Da azumi ya kama a ranar 11 ga Maris muka dakata, domin mai koyon mirgina ba ya rasa haɗiyar ruwa, kuma wurin ba ya buɗewa bayan tarawihi. A 2025 azumi zai kama tun farkon Maris, saboda haka lokacin ya ƙara gajarta, za mu fara da wuri.

Nasarar da na fi alfahari da ita ita ce ajin mata. Shekara biyu uwar ƙungiya tana nanata cewa matanmu da 'yan matanmu ba za su shiga ruwa a gaban maza ba, kuma gaskiyarta ne. Bana mun sami wurin da ya yarda ya ba mu awa ɗaya da mai tsaron ruwa mace da malama mace, aka rufe tagogi. Iyaye mata da suka zo rakiya kawai, wasunsu sun ƙare a cikin ruwan. Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan aikinki ne.

Dalilin da ya sa muka sa iyo gaba da kayak ba ɓoyayye ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa yara baƙar fata 'yan shekara 10 zuwa 14 suna nutsewa a wuraren iyo fiye da ninki bakwai na takwarorinsu farare. Mu kuma ga mu zaune tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Tafkin Michigan, inda igiyar ruwa ke jan mutane a gefen gadar da ta shiga cikin tafkin a Grand Haven. Iya ruwa fidda kai, kuma babu wanda zai hau jirgin ƙungiya a kogi sai ya nuna ya iya fidda kansa a wurin iyo. Labarin jirgin da ya kife da masu zuwa Mauludi a yankin Mokwa ta jihar Neja a farkon Oktoba ya girgiza mu, akwai mambobin da ke da dangi a wannan yanki. Mun yi musu addu'a a zaman wata, Allah ya jiƙansu da rahama. Wasu sun kawo shawarar a tara kuɗin rigunan ceto a aika gida. Kwamiti ya ga cewa sai an sami amintaccen hannu a can wanda zai tabbatar rigunan sun isa mashigar jirgi ana kuma sa su, saboda haka maganar tana cikin ajandar babban taro.

Fita kogi

Mun buɗe shekara a ruwa mai sanyin hali, kogin Thornapple da kogin Rogue a ƙasan Rockford, domin sababbin shiga. A watan Yuli muka tafi South Bend ta jihar Indiana, inda East Race yake. Tsohuwar hanyar ruwan masana'antu ce a gefen kogin St. Joseph da aka gyara aka buɗe a 1984, ita ce ta farko irinta a Arewacin Amurka. Ga mai son ya ga abin da ake nufi da dandalin ruwa a tsakiyar gari, nan ne wurin: mutane na tsaye a kan gaɓa da abincinsu suna kallo, masu ceto na jere da igiya, wanda ya kife ya fito ya ɗauki jirginsa ya koma sama da ƙafa. Mun kuma kai iyalai Argo Cascades a Ann Arbor, wanda ya fi dacewa da yara.

Tafiyar kogin Pine a arewa, ƙasan gadar Peterson, ita ce ta zo da tsautsayi. Wani matashi ya kife a kwana, ruwa ya kai jirginsa ƙarƙashin itacen da ya faɗo. Shi ya riga ya fita, aka jefa masa igiya ya kama, bai ji ciwo ba sai sanyi da ya shige shi, domin ruwan Pine ko a tsakiyar zafi sanyi gare shi. An ɗauki lokaci kafin a ciro jirgin. Daga ranar kwamiti ya sa doka: kowace fita sai da mai gaba da mai baya, kowannensu da jakar igiya da wuƙa da usur, kuma kowa ya zo da busassun kaya a jakar da ruwa ba ya shiga. Wanda ya zo babu hular kwano a ruwa mai duwatsu zai zauna a mota, ko wane ne shi.

A lokacin wasannin Olamfik na Faris mun taru mun kalli gasar kayak a Vaires-sur-Marne. Jessica Fox ta Ostireliya ta ci zinare biyu, ƙanwarta Noémie ta ci na sabuwar gasar da mutum huɗu ke faɗowa ruwa lokaci ɗaya, Evy Leibfarth ta Amurka ta sami tagulla. 'Yan matanmu sun kalla da idon da ban taɓa gani ba. An kuma sanar cewa a wasannin Los Angeles na 2028 wannan gasa a birnin Oklahoma za a yi ta, a dandalin da mazauna garin suka gina da harajin saye da sayarwa suka buɗe a 2016. Tafiya ce ta mota, kuma tuni wasu suka fara maganar adashi.

Mun shiga aikin tsaftace bakin kogi na watan Satumba tare da sauran ƙungiyoyin gari, muka ɗauki gefen dandalin Riverside.

Kaya da abin da ke gaba

Jiragenmu duk na hannu ne, biyu sun tsage a ƙasa, an like ɗaya, ɗayan ya gama aiki. Rigunan ceto na manya sun isa, na yara ne suka yi kaɗan, kuma rigar da ta yi wa yaro yawa takan zame ta kansa a cikin ruwa. Su za mu fara saya. Har yanzu a garejin mataimakin shugaba kayan suke, iyalinsa sun yi haƙuri da mu ƙwarai, amma lokaci ya yi da za a nemi wurin haya. Tirelar ɗaukar jirage tana buƙatar tayoyi kafin Afrilu.

Game da kogin, izinin jiha ba shi ne na ƙarshe ba. Zuwa ƙarshen 2024, abin da ya rage shi ne amincewar hukumomin tarayya da bayar da kwangila kafin injuna su shiga ruwa. Idan aka fara, za a rufe wannan ɓangare, kuma muna roƙon kada wani mamba ya kusanci wurin da jirgi, ko kafin aikin ko lokacinsa. Madatsun huɗu suna nan yadda suke har ranar da za a fasa su.

A babban taro za a zaɓi sabon kwamiti, a tattauna kuɗin shekara, maganar rigunan ceto na gida, da neman mambobi biyu, mace da namiji, da ƙungiya za ta biya wa kuɗin horon zama malaman tuƙi masu takardar shaida. Mai sha'awa ya sanar da ni ko uwar ƙungiya kafin ranar. Waɗanda ke riƙe da filafili ko hular ƙungiya a gida su taho da su domin a ƙidaya. Iyaye masu son sa yara a ajin iyo su zo da takardar amincewa da sa hannu.

Allah ya tsare mu a ruwa da tudu, ya bar zumunci.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa